Modi Mai Awon Hayaƙi da Bututun da Aka Liƙe

Da saukar ruwan farko na daminar bana ƙanina Modi ya cika shekara shida a kabari. Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata masa makwanci. Na sa addu'ar a rubuce ne saboda a garinmu Wurno waɗanda za su amsa da amin a bayyane ba su da yawa. Sunayen da zan ambata ba na yanka ba ne. Mutanen gari za su gane kowa, na nesa kuwa ba su da bukata.

Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Ni na tsaya a zauren mahaifinmu wajen allo da littattafai, shi aka kai shi boko, ya wuce Sakkwato ya koyi aikin na'urori. Mutum ne mai kaifin kai da kaifin baki, ba ya iya ganin kuskure ya kau da ido, ba ya kuma iya faɗin gaskiya a hankali. Yana da barkwanci, irin wanda yake yi fuska a murtuke, sai ka daɗe kafin ka gane wasa yake.

A shekarar da abin ya faru, wani ofishi ya turo shi gida da aiki a ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo. Lokacin itace ya fara wuya, shiga daji ya fara zama kasada, masu sana'ar wuta suka soma komawa gas: gidajen burodi, masu abinci a bakin hanyar Achida, masu suyar kifi a wajen madatsar ruwa. Aikin Modi shi ne ya gano yawan iskar kabon da waɗannan sana'o'i suke saki sama, wato iskar da ake cewa tana taruwa tana ƙara wa duniya zafi. Kayan aikinsa biyu ne. Akwai sikeli mai ƙugiya, irin wanda ake rataya buhu, akwai kuma wata sandar ƙarfe siririya da waya ta haɗa da wani ɗan akwati mai fuskar gilashi.

Ranar da ya fara nuna mini su a zaure na ce masa ai gas ba ya hayaƙi, don haka ban ga abin da zai auna ba.

"Shina yi, Yaya, idonka na ba ya gani," in ji shi.

Ya yi mini bayani. Da safe zai rataya tukunyar gas a sikeli, da yamma ya sake ratayawa. Abin da ya ragu shi wuta ta ci. Iskar da ta tashi daga wannan ƙonewa kuwa nauyinta ya kusa ninka na gas ɗin sau uku, saboda wuta tana haɗawa da iskar da muke shaƙa. Na ce abin da yake tashi sama ina ya ga nauyi? Ya dube ni ya ce, "Kai da ka karantar da mutane za a auna ayyuka gobe ƙiyama, ka taɓa ɗaga salla ka ji nauyinta?" Na ce ya yi istigfari. Ya yi, yana dariya.

Sandar kuwa, ya ce, ba ita ke ba da lissafin ba. Yakan zura ta a bakin bututun hayaƙi ne kawai don ya ga ko wutar tana ci da kyau. Lissafin duk a sikeli yake. Wannan bayani ni ya yi wa, a zaure, muna shan fura. Mutanen da ya shiga gidajen sana'arsu bai yi musu ba. In aka tambaye shi me za a yi da awon, sai ya ce, "A sani." Ya wuce.

To mu nan ba mu san awon da ake yi don a sani kawai ba. Tun muna yara, duk wanda ya zo da igiya ko ma'auni, wani abu zai bi bayansa ya karɓa. Dattawa suna tuna masu awon gonaki, suna tuna abin da ya biyo bayansu. Shi ya sa manominmu in ya ji za a zo duba amfanin gona, kafin gari ya waye rabin damman geronsa sun koma rumbun maƙwabci. Ba ya ɗaukar wannan a matsayin ƙarya, dabarar zaman duniya ce da ya gada. Sikelin Modi bai tsorata kowa ba, kowa ya san sikeli. Sandar ce ta shiga zukatan mutane, ita da take shiga inda ido ba ya gani ta fito da magana.

A cikin masu gidajen burodin garinmu akwai Altine, ɗan gwaggonmu, wato taubashinmu. Shi da Modi sa'o'in juna ne, kuma tun ƙuruciya wasan taubasantaka tsakaninsu ba ya sanyi. Kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Modi ya taɓa aika masa cewa jakinsa ya faɗa rijiya, Altine ya bar kasuwa ya sheƙo a guje ya tarar da jakin yana cin harawa. Altine ya rama da tara wa Modi maroƙa a ƙofar gida cewa matarsa ta haihu, alhali ko ciki babu. A wannan wasa ƙarya halal ce a wurin mutane, kuma fushi abin kunya ne. Altine ya sayar da gonarsa ta fadama ya gina murhun gas a ɗakin gashinsa. Babban ɗansa Bube, magidanci mai mata da 'ya'ya biyu, shi ke kula da wuta, tare da wani makwaɓin fulawa da ake kira Ɗan-Ige.

Ranar da Modi ya je awo gidan, ƙofar cike take da masu sarin burodi da direbobin da ke kai shi ƙauyuka. Ya hau soro ya zura sanda, ya sauko yana duban akwatinsa.

"Kai ɗan Kawu," in ji Altine, "bokon duk ya ƙare ga shinshinar hayaƙin mutane? Mi sandar taka tac ce?"

Modi ya girgiza kai, fuska ba annuri. "Bawana, taka ta ƙare. Duk ƙasag ga babu hayaƙin da yak kai naka nauyi. In na komo na ishe shi haka, rufe gidan ga za a yi, ka koma tallar ƙosai bakin tasha."

Aka fashe da dariya. Altine ma ya yi, ya jefe shi da guntun burodi, ya ce, "Tashi ka ba ni wuri, mayunwaci, ubangidanka na aiki." Modi ya cafe burodin ya hau babur yana ci. A wurinsa magana ta ƙare a nan.

Ba ta ƙare ba. Da a ce da baki kawai ya faɗa, da Altine ya san wasa ne. Amma ya faɗa da sandar hukuma a hannunsa, ga mutumin da ya riga ya sayar da gonarsa, ba shi da wurin komawa. Kuma tambayar taubashi ko da gaske yake, faɗuwa ce a wasa, Altine ba zai yi ta ba. Direbobin nan kuwa suka ɗauki maganar ba tare da dariyar ba, suka sauke ta a Achida, suka sauke ta a Rabah, har Goronyo: mai sanda ya ce duk wanda hayaƙinsa ya yi nauyi za a rufe shi.

Altine ya yi abin da ya gada. Hayaƙin da za a auna ya ɓoye. Ya kwaɓa laka da ƙaiƙayin shinkafa, yadda ake yaɓe bakin rumbu, ya hau soro shi kaɗai ya toshe bututun. Tunaninsa mai sauƙi ne: in sanda ta zo ba ta sami komai a baki ba, za ta ce gidan ba shi da laifi. Bai ga haɗari a ciki ba, domin hayaƙin da muka sani tun haihuwa yana faɗin zuwansa, yana sa hawaye da tari, yana kore ka waje. Na gas ba ya yin ko ɗaya. Abin da Altine bai sani ba shi ne wuta in ta rasa iska tana haifar da wata iska daban, ba wadda Modi ke lissafawa ba, mai shiga jini ta sa mutum barcin da ba ya tashi.

Kwanaki Bube da Ɗan-Ige suna kukan ciwon kai. Aka ce zazzaɓin damina ne, suka sha magani suka ci gaba. Abin da ya tsare su ƙofar ɗakin ce da take buɗe kullum. Sai wata rana bayan azahar hadari ya taso da iska mai ƙarfi, feshin ruwa yana shiga yana jiƙa burodin da ke kan katako. Suka ja ƙofa, suka cusa buhu a ƙarƙashinta, suka kishingiɗa suna jiran gashi ya nuna. Da ruwa ya ɗauke, Altine ya ji ƙaurin burodi ya zo yana faɗa. Bube ya riga ya cika. Ɗan-Ige ya rayu, yana nan har yau, hannuwansa na rawa, ba ya tuna ko sunan garin da aka haife shi.

Modi yana Rabah aka gaya masa. Da ya iso bai shiga cikin gida ba, soro ya hau. Ya tarar da bututun a buɗe. Amma a gefen bakinsa akwai zoben laka mai ƙaiƙayi, ga ɓaraguzanta a warwatse a kan rufi, sabuwar fasawa. Wani ya hau bayan an ɗauke gawa ya fasa. Ya sauko ya zo wurina. Na ce masa ya bari a yi addu'ar bakwai, sannan ya sami Altine su biyu. Ya ce ya ji a tasha cewa wasu ma sun liƙe nasu, damina kuma ba ta jiran bakwai.

Ranar uku, muna zaune a kan tabarmi a ƙofar gidan, liman ya shafa addu'a, sai Modi ya ɗaga murya.

"Altine, ka hwaɗa ma mutane ka liƙe bututun. Akwai waɗanda sunka yi irin naka, ɗiyan mutane na kwana ciki."

Altine bai ɗago kai ba. "Wane bututu? Kowa ya hau ya duba, buɗe shike. Ni dai na san lahiya muka aikinmu sai ran da kaz zura sandarka ciki."

Da Modi ya tsaya a nan, da watakila akwai gyara. Sai ya ce, "Da hannunka ka yaɓe shi, ga ƙaiƙayin can bisa. Kai kak kashe ɗanka."

 Liman ya ce, "Malam, ɗauki ƙaninka." Na kama hannunsa muka tashi, ba wanda ya amsa sallamarmu.

Na daɗe ina juya wannan magana. Gaskiya ce, amma rabin gaskiya, domin bai ambaci wasansa a ciki ba. Kuma ya faɗe ta a wurin da bai bar wa uba ko ƙofa ɗaya da zai fita ba. Kafin wannan rana Altine zai iya cewa kuskure ya yi. Bayanta, in ya amsa laka, ya amsa kisa a gaban gari. Daga nan sunan Modi ya rataya a bakin mutum ɗaya, mutumin da shi da kansa ya rufe wa baki.

Washegari ya ɗaure diga a bayan babur ya fita. Duk gidan da ya taɓa awo ya koma. Ya sami waɗanda suka toshe da laka, da waɗanda suka kifa gwangwani, da wanda ya cusa jiƙaƙƙen buhu. Ba ya sallama, ba ya neman izini, sai dai mai gida ya ji sara a kan soronsa. A Goronyo wani mai gidan burodi da ƙannensa suka jawo shi daga kan rufi suka yi masa dukan da ya karya masa haƙarƙari da wuyan hannu. Ya riga ya fasa lakar kafin su kama ƙafarsa. Mutumin yana nan da ransa, shi da ma'aikatansa duka, kuma an ce har yanzu yakan ba da labarin ranar da ya koya wa mai sanda hankali.

Mai karatu zai ce ai waɗannan gidaje shaida ne. Ni ma haka na zata. Amma ga yadda gari ya karanta su: na Goronyo ya liƙe nasa kwana da kwanaki ba wanda ya mutu, ashe ba laka ke kisa ba. Ba wanda ya kula cewa ɗakin na Goronyo ko ƙyaure ba shi da shi, labulen buhu ne. Aka tsaya a kan cewa sandar ce ta lalata murhun Altine, wasu suka ce wani abu take fesawa a ciki. Ofishin da ya turo shi ya ji hayaniya, ya dakatar da awon a yankinmu, ya sallame shi ba tare da ya aiko ko mutum ɗaya ya yi wa jama'a bayani ba.

Abin da garinmu ya yi masa bayan haka ba a yi shi da ihu ba. In ya shiga sahu a masallaci, na damansa ya ɗan matsa, na hagunsa ya ɗan matsa, liman na cewa a haɗa kafaɗu, shi yana tsaye da fili a kowane gefe kamar mai ƙyanda. Mai shayi ya ware masa kofi. Goron ɗaurin aure da na suna ya daina shiga gidansa, ana tsallake ƙofarsa a kawo tawa. Matarsa Hassi tana yin ƙuli-ƙuli, mata suka daina aikowa, ta riƙa zubar da man da ya yi tsami. Waɗannan mutane ne da na karantar da 'ya'yansu, masu salla, masu azumi. Na faɗi abin da na sani a zaure da masallaci har aka fara cewa Malam ya tsufa, son ɗan'uwa ya rufe masa ido. Maganata ba shaida ba ce, ban hau soron ba.

Ya yi shekara da wani abu a haka. Tun dukan Goronyo tari ya kama shi, ƙirjin bai sake komawa daidai ba. Da jiki ya yi nauyi ya kira ni ya ce in je wurin Altine.

"Ka ce mashi wasan da niy yi, na ɗauki nawa, ni nif fara. Maganar da nig gaya mashi kan tabarma, ya yahe man. Ba ni son komi, ya hwaɗi gaban mutum uku cewa ba sandata ta ba. Ina da ɗiya cikin garin ga, Yaya."

Na je. Aka ce mini Altine na fama da zazzaɓi, ba zai iya fitowa ba. Ina tsaye a zaure ina jin muryarsa a ciki yana lissafa wa direba burodi. Na koma na ce wa Modi ban same shi ba. Ya dube ni ya ce, "Ba ka iya ƙarya ba, Yaya," ya juya fuskarsa bango.

Ranar jana'izarsa, ana son a yi sahu uku ko da mutane kaɗan ne. Muka rarraba kanmu muka yi ukun, kowane sahu ana iya rufe shi da tabarma ɗaya. A garin da in talaka ya mutu ana rufe shaguna, ranar ba a rufe ko teburin mai goro ba.

Yau in na bi hanyar fadama nakan yi tunanin me zai ce. Tun da man fetur ya fi ƙarfin manomi, injinan ban ruwa suka koma gas. Daga bakin kogin Rima har gonakin albasa na wajen Magarya, tukwanen gas ne a tsaye a gindin injina, an haɗa su da tiyo an ɗaure da igiyar roba. Babura na wucewa ta Marnona da tukwane huɗu-huɗu a baya. Abin da ya zo aunawa a gidaje 'yan kaɗan ya cika ƙasar, kuma ba mai rataya ko ɗaya a sikeli. Na san zai yi murna da cewa sauran itatuwanmu sun sami ɗan hutu. Na kuma san zai tsaya a bakin kowace gona yana tambaya nawa ka ƙona yau, ana ba shi amsar ƙarya. Yanzu rediyo na maganar kabon da sauyin yanayi cikin Hausa, mutanen da suka matsa daga kafaɗarsa suna gyaɗa kai, suna cewa lalle zafin bana ya fi na bara, ruwa kuma ya daina zuwa a kan ƙa'ida. Shi bai taɓa cewa murhun wani a Wurno ne ke hana ruwa ba. Cewa yake na duniya ne duka ke haɗuwa, kuma wanda bai san nasa ba ba shi da bakin da zai yi wa manyan masu ƙonawa magana. Wannan ma ni ya gaya wa, a zaure.

Akwai abu ɗaya da ya sauya. Duk gidan burodin da aka gina a shekarun nan, bututunsa dogo ne, ɗakinsa da tagogi a sama, kuma ba mai rufe ƙofa in wuta na ci ko da ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na tambayi wani magini dalili, ya ce haka ake yi. Na ce tun yaushe? Ya ce tun da can. Ashe gari ya san abin da ya kashe Bube. Ya gyara ɗakunansa a kan maganar Modi, ya bar sunansa inda ya jefar. Babban ɗan Modi ya bar garin, yana aiki a wani wuri inda ba a san ɗan wa ne ba.

Saboda yaron nan na sake zuwa wurin Altine a farkon daminar nan. Ya tsufa fiye da shekarunsa, ido ɗaya ya tafi, gidan burodin yana hannun wani ɗan haya. Wannan karo ya fito. Muka zauna a zaure mu biyu, muka gaisa gaisuwar baƙi, ba wasa. Na ce masa ƙasa ta riga ta ci Modi, ba abin da zai ƙara masa ko ya rage, amma 'ya'yansa suna da rai.

Ya ɗauki carbi yana murzawa. Sannan ya ce, "Malam, ni niy yaɓe shi. Da asuba, da ƙaiƙayin da nir roƙa gidan casa. Ni kuma nif fasa, tun ba a gama wanke yaron ba. Ba ka zo da labarin da ban sani ba."

Na ce to ya faɗa a gaban mutum uku, kamar yadda mamacin ya roƙa.

Ya nuna cikin gida da haɓa. A ciki akwai Kulu, matarsa, mahaifiyar Bube. "Shekara bakwai, ba ta taɓa sallame salla ba ta kai ƙarar Modi wurin Allah ba. Shi ka riƙe da ita. In nik karɓe mata shi, wa za ta kai? Ni na, da taka dama ma hura kullum. Tsohuwa ta, ina za ta? Ni ina za ni?"

Na ce, "Sai yaushe ke nan, Altine?"

"In ta riga ni, na tashi masallacin Juma'a in hwaɗi, wallahi. In na riga ta, to, ku yahe man."

Na dube shi, yana numfashi da ƙyar daga ɗan zaman da ya yi. Daga cikin gida kuma ina jin Kulu tana daka, taɓarya na sauka da ƙarfi, ba ta ko hutawa.

Da na tashi tafiya ta ji muryata, ta matso bayan zana ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Kai ba ruwanka, Malam, kai mutumin kirki na. Ƙaninka ɗai, Allah Ya isa tsakanina da shi." Altine yana zaune, kansa a ƙasa. Na ce mata Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

In aka ce in auna abin da ya rage na Modi, ga shi. Mutanen da suke numfashi a Rabah da Goronyo ba su san albarkacin wa ba, wasunsu ma suna zaginsa. Wasa guda da ya yi a ƙofar gidan burodi, da magana guda da ya faɗa a kan tabarmar makoki, waɗanda ba zan wanke shi daga gare su ba, shi ma bai wanke kansa ba. Da 'ya'ya uku da suke jiran wata tsohuwa ta mutu kafin a mayar musu da sunan ubansu, ita kuwa ba ta yi wa kowa laifi ba.

Ni hannuna da ajami ya saba, da shi nake rubuta duk abin da ya dame ni. Wannan na rubuta shi da boko, na aika jarida, saboda Kulu a makarantar mahaifinmu ta yi karatu, tana karanta ajami sarai, boko ne ba ta sani ba. Haƙƙin ƙanina ya hana ni yin shiru, tausayinta ya hana ni kai mata da kaina. Duk ɗan garinmu da ya karanta wannan, ya san ƙofar gidan. In ya ga dama ya shiga ya karanta mata, ko ya ninke jaridar ya ba mai tsire, shi da Allah.